Mai Ƙusa da Samfefar da Ba Ta Ci

Duk 'yan layin da sunan Mai Ƙusa suka san ta, ko da yake ƙusa ce mafi ƙanƙantar abin da take sayarwa. Shagonta ɗan tsukuku ne, a matse tsakanin gidan wanki da guga da rumfar mai gyaran agogo. In mutum ya shiga sai ya karkata kafaɗa don kada ya ture gwangwanayen fenti. Kwaɗuna na rataye a sama, igiyoyi na naɗe a lungu, ga burushi da gam da sakata da noti iri-iri cikin kwalaben da ta wanke ta jera. Ita kuwa tana bayan kantar shagon, gajeriya, mai kauri, da tabarau a rataye a wuya da wata igiyar takalmi.

'Yar tela ce. Tana shekara tara ta kwance cikin keken ɗinkin mahaifinta, don kawai ta ga inda zaren sama yake haɗuwa da na ƙasa. Mahaifin bai dake ta ba. Ya zaunar da ita gaban keken ya ce ba za ta tashi wasa ba sai ta mai da komai mazauninsa, ta kuwa kwana biyu tana fama. Mahaifiyarta ta daɗe tana ba da labarin, tana cewa wannan yarinya in aka ba ta ƙwai sai ta fasa ta ga ta ina kaza ke shiga. Da ta gama sakandare ta fara zaman shagon kawunta, da kawun ya tsufa ƙafa ta hana shi tsayuwa ya bar mata. Ta auri direban bas, suka haifi uku, duk sun girma sun kama gabansu. Maigidan ya ajiye tuƙi, yanzu aikinsa zama a benci a ƙofar shagon yana gyara wa masu wucewa yadda ya kamata su ajiye mota. Injiniya yake ce mata in yana son tsokana.

Shekara talatin a bayan kantar sun koya mata abubuwa da yawa. Tana ɗibar ƙusa da hannu ta zuba a sikeli, da wuya ta ƙara ko ta rage. Tana gane kwaɗon da zai lalace cikin wata guda daga ƙarar kullewarsa. Amma samfefa, takardar nan mai yashi da ake goge katako da ita, ba ta taɓa tsayawa ta yi tunaninta ba. Kala uku mai kawo mata kaya yake saukewa, mai arha da matsakaiciya da mai tsada. Ta san ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba mai laushi. Iyakar iliminta ke nan, kuma ba wanda ya taɓa neman fiye da haka a wurinta.

Sai wata safiya wani dattijo ya shigo, siriri, dogo, da garin katako a girarsa. Ta san shi da gani. Shi ne mai injin juya katako da ke can ƙarshen layi, bayan masu facin taya, wanda ake kira Baba Mai Juyi. Shagon da yake sayayya shekara da shekaru ya koma wurin sayar da waya, shi ya sa ya zo wajenta. Ya nemi samfefa lamba ɗari da ashirin. Ta miƙa masa mai arhar. Ya shafa ta da babban yatsa, ya lanƙwasa ta kusa da kunnensa kamar mai sauraren wani abu, sannan ya ce a hankali, "'Yata, wannan ba za ta ci ba."

Ta ce masa kowa ita yake saya, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Bai yi musu ba, ya saya ya tafi. Washegari ya dawo da 'yan yanka huɗu ya jera mata a kan kantar. Duk sun yi sanƙo, yashin ya kakkaɓe ya bar takarda tsirara. Ta ɗauka kuɗinsa yake so, ta kai hannu aljihun tebur, ya ɗaga mata hannu ya ce shi ba wannan ya kawo shi ba, ya kawo mata ne ta gani. Abin ya sosa mata rai fiye da a ce faɗa ya yi. Ta ɗauko mai tsadar ta ba shi ta ce ya gwada. Bayan kwana biyu ita ma ya dawo da ita. Ta fi waccan dama-dama, in ji shi, amma ita ma yashinta na zuba tun aiki bai yi nisa ba.

Ranar mai kawo kaya ya sha faɗa a waya. Mutum ne mai sanyin hali da ta yi shekara goma sha biyu tana hulɗa da shi, amma ta wanke shi tas, ta ce jabu yake sauke mata yana ba wasu na kirki. Ya rantse ya maimaita cewa kwali ɗaya yake rabawa kowa. Ta kashe wayar ba sallama. Maigidanta, da ya ji komai daga benci, ya leƙo ya ce ai ko ɗan sandan hanya bai taɓa yi masa irin wannan tatas ɗin ba.

Fushin bai daɗe ba, amma tambayar ta ƙi barinta. Me dattijon ya ji da yatsansa da ita ba ta ji ba a shekara talatin? Me yake saurare da ya kai takarda kunne? Ta yanki guntun samfefa ɗaya ta shafa, ta lanƙwasa, ta saurara, ba ta ji komai ba sai ƙarar injin wankin maƙwabta. Da rana ta yi sanyi ta cire tabarau daga wuya ta sa a ido, ta ce wa maigidan ya riƙe mata shago, in an nemi abin da bai sani ba ya ce ya ƙare. Ta nufi ƙarshen layi.

Ɗakin aikin dattijon dogo ne mai taga ɗaya. Sassaƙe ya rufe ƙasa har idon sawu, ƙamshin ɗanyen itace ya cika ko'ina. Ƙafafun tebur na jingine a bango bibbiyu, kwanukan katako a kife a kan shiryayye, wasu an shafa musu man sheƙi, wasu ba a kai ga haka ba. A tsakiya injin yake, tsohon ƙarfe mai bel, wanda ke kama guntun itace ta kai da gindi ya riƙa juya shi da sauri, shi kuma mai aiki ya kafa ƙarfen sassaƙa yana fitar da siffar da yake so. Dattijon bai yi mamakin ganinta ba. Ya miƙa mata ƙyallen rufe hanci, ya nuna mata inda za ta tsaya, ya ce ta naɗe bakin mayafinta ta soke, don injin ba ya tambayar abin da ya kama.

Ya rage gudun injin kafin ya kai samfefa jikin itacen. Ta tambayi dalili, ya ce in da gudu takardar ba ta yanka, sai dai ta yi ta zamewa tana zafi, zafin kuma yakan tsattsaga itace ta wurin kai. Ta tambayi abin da ya sa ya riƙe ta da yatsu uku daga ƙasa bai naɗa a hannu ba. Ya nuna mata ɗan yatsansa na hagu da ya karkace, ya ce wannan ne ya koya masa. Ya fara da tamanin, ya koma ɗari da ashirin, ya wuce ɗari da tamanin, kuma tsakanin kowace lamba sai ya tsai da injin ya goga da hannu ta tsawon jijiyar itacen. Ta ce me zai hana ya tsallaka daga tamanin zuwa mai laushin nan take, ya huta. Ya ce kowace lamba aikinta share karcen da ta gabanta ta bari, in ka tsallake ɗaya karcen na nan a ɓoye, sai ranar da ka shafa mai ya fito ya ba ka kunya gaban mai kaya.

Sai ta tambaye shi me lambar take ƙirgawa. Ɗari da ashirin ɗin me? Dattijon ya kashe injin, ya juya takardar yana duban bayanta.

"Shekara hamsin ina aiki da ita," ya ce, "ban taɓa tambaya ba."

Suka yi dariya tare, kuma daga ranar ya daina yi mata kallon mai shago kawai. Game da kai takarda kunne, ya ce mai lafiya in ka lanƙwasa ta tana ɗan ƙara, kamar busasshen ganye. Tata kuwa shiru ta yi, ta lanƙwashe laƙwas.

Wannan maganar ce ta sa ta hau mota ranar hutunta ta tafi can ɗaya gefen gari, wani babban shago da ta san mai kawo mata kaya ne ke kai musu su ma. Ta sayi irin samfefarta sak, tambari ɗaya, lamba ɗaya, ba ta ce musu ita ma sana'arta ke nan ba. Tun a mota ta lanƙwasa ta kusa da kunne, har matar da ke gefenta ta matsa. Ta ji ƙarar. Dattijon ya ɗora ta a inji, ta kuwa ci itace sosai, gari na zuba fari tas, yashin bai kakkaɓe ba. Ya dube ta ta saman ƙyallen hancinsa. Ita ma ta riga ta gane: kayan lafiya suke zuwa, a hannunta suke lalacewa.

Ta koma ta shiga ɗakin ajiya na bayan shago, inda ba ta cika daɗewa ba saboda duhu. Ta sa maigidan ya haska mata fitilar waya, suka janye kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasan sun yi laushi, gindinsu ya yi baƙi. Ta dafa bangon ta ji sanyi, fentin ya kumbura yana ɓarewa. Bangon nan shi ya raba ta da gidan wanki, kuma ta cikinsa bututun ruwansu ya bi. Da aka kira mai gidan wankin ya zo ya duba, ya ce lallai ya daɗe yana mamakin yadda tankinsa ke saurin ƙarewa. Danshin ne ya riƙa shiga gam ɗin da ke riƙe yashin yana kashe shi. Ta tuna ta daɗe tana ganin takardun suna nannaɗewa da kansu, ta ɗauka haka halittarsu take. Masu fenti da ke saye ba su taɓa lura ba, don su shafa biyu suke yi wa bango su yar.

Kiran mai kawo kaya ya fi janye kwalayen nauyi. Ta yi ta ɗaukar waya tana ajiyewa har maigidan ya ce in ba za ta iya ba ta ba shi, shi ya saba ba fasinja haƙuri. Ta kira da kanta. Ta ce masa ta zalunce shi, ta gaya masa abin da ta gano, ta roƙi ya yafe mata. Ya ce ba komai, Yaya, dama ya san in ta huce za ta bincika. Tun da bakinta ya buɗe, ta jefa masa tambayar lambar. Ya ce shi dai abin da aka gaya masa, tankaɗe yashin ake yi da rariya, lambar kuma yawan hudojin rariyar ne a ɗan tsawo ƙayyadadde. Hudoji da yawa, yashi ƙanana. Ba ta jira gobe ba, ta taka har ƙarshen layi ta kai wa dattijon. Ya jinjina kai ya ce ashe rariya ce.

Da an bar ta nan ma ya isa, amma yanzu wata tambayar ta taso. In duk lafiyarsu ƙalau, wacce ce ta fi cancantar kuɗinta? Ta roƙi mai kawo kaya ya samo mata samfurin duk irin da zai iya. Ya kawo shida, har da masu bayan ƙyalle da ke zuwa a naɗe kamar bandeji, da wata mai kama da raga wadda ko dattijon bai taɓa gani ba. Dattijon ya yanka itace ɗaya gida shida, ya juya su kauri ɗaya. Ta aro agogon tebur a wurin maƙwabcinta mai gyaran agogo, ta haɗa da ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Sati biyu, kullum da yamma, maigidan na sayar da abin da ya sani, ita tana can cikin sassaƙe da gilashi a ido ɗaya.

A cikin gilashin samfefa ta zama wata duniya, duwatsu tsaye a fili kamar an shuka su. A mai arhar duwatsun ba kansu ɗaya ba, nan da can akwai wani ƙato da ya fi 'yan'uwansa tsawo, shi ne yake barin karce mai zurfi da sai an wahala kafin a share. Bayanta kuma takarda ce, da ta shiga lungun kwano sai ta karye ta yage. Mai tsadar ta yi kyau, ba laifi, amma a itace mai mai a jiki ta toshe da wuri kamar kowacce, kuma aikinta bai kai ninkin da kuɗinta ya yi ba. Ragar ba ta toshewa, gari na wucewa ta hudojinta, sai dai gefenta na da kaifi, ya yi wa cikin kwano layi har dattijon ya ce a kai ta wurin masu aikin shimfiɗaɗɗen katako. Wadda ta ba su mamaki ita ce wata mai bayan ƙyalle, ruwan ƙasa, marar kwalliyar kwali, mai matsakaicin kuɗi. Tana bin lanƙwasa yadda aka so, in ta toshe a goga ta a tsohon tafin takalmin roba ta buɗe ta ci gaba, kuma yanki ɗaya ya gama abin da yanka huɗu na mai arhar ba su gama ba.

A cikin wannan gwajin ne suka sami saɓani. Dattijon na da wani babban gwangwani cike da tsofaffin yankunan samfefa. Ba ya yarwa. A ganinsa ɗari da ashirin in ta tsufa ta zama ɗari biyu da arba'in, da ita yake gama aiki, haka maigidansa ya koya masa. Mai Ƙusa ta ɗauki ɗaya ta duba a gilashi, ta duba itacen da aka goga da ita, sannan ta goga wani gefen da sabuwar ɗari biyu da arba'in ta sake dubawa. Ta cire gilashin ta juyo wurinsa.

"Baba, duwatsun ba su ƙanƙance ba. Kaifinsu ne kawai ya tafi. Sheƙi take sa wa itacen, amma karcen na nan a ƙasa."

Ya ce idonsa bai ga haka ba. Ta miƙa masa gilashin, ya ƙi karɓa, ya ce shi ba agogo yake gyarawa ba. Ta ɗiga man sheƙi a gefen biyu ta ajiye itacen a bakin taga, ta yi masa sallama ta tafi. Kwana uku ba ta koma ba, shi ma bai zo ba, har ta fara zargin kanta da rashin ta-ido. A na huɗu ya shigo shagon, ya yi gaisuwa mai tsawo da maigidan, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a auna masa ƙyallen nan ruwan ƙasa, ɗari biyu da arba'in, kamu biyu. Yana naɗewa ya ce, kamar da bango yake magana, gwangwanin nan ya ba mai facin taya, wanda ya ce yana da amfani da shi. Ta ƙara masa rabin kamu.

Daga nan shagon ya ɗan sauya. Samfefa ta bar ɗakin ajiya ta koma saman shiryayye cikin akwatin roba mai murfi. Naɗaɗɗun suna rataye a wani sandan tsintsiya, tana yanka wa mutum daidai buƙatarsa. Duk wanda ya ce a ba shi samfefa sai ta tambaye shi me zai goga, abin da wasu suka ɗauka shisshigi ne. Masu fenti tana ba su mai arhar ta ce ta ishe su. Wani mai sabon gida ya zo ya dage sai mafi tsada, ta yi ta yi ta hana shi har ya fusata ya tafi wani shagon, maigidan ya ce bai taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar kuɗi da bakinsa ba sai ita. Amma kafintoci suka fara zuwa daga nesa, wasu da guntun itacensu a aljihu don ta gani.

Dattijon ya ƙara shekara uku yana aiki kafin hannunsa ya fara rawa. A shekarar ƙarshe ya bar ta ta kama ƙarfen sassaƙa, yana tsaye a bayanta yana cewa ta sassauta kafaɗa, ƙarfe mai kaifi shi ne samfefa ta farko. Ta yi nufin ƙafar kujera, abin ya yi ta sirancewa wajen gyara kuskure har ya koma mariƙin aljihun tebur. Da 'yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa gidanta a wani gari, injin ya koma hannun wani kafinta mai matsakaitan shekaru da ke layin baya, wanda ya yarda Mai Ƙusa ta riƙa zuwa ranar hutunta. Dattijon kan kira ta a waya jefi-jefi. A kiran baya-bayan nan ya ce mata jikarsa ta nuna masa a waya wata samfefa mai bayan soso, wai ta fi bin lungun kwano. Ya ce shi bai yarda ba, amma ta sa a kawo ta duba, in ta duba ta kira shi da safe, lokacin da kunnensa ya fi ji.